Yadda Injiniya Ya Rufe Kwatar Layinmu

Babu wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da shi injiniya. Shi ya raɗa wa kansa sunan ranar da ya sayo wani tsohon injin buga bulo na hannu, mu kuma mutanen layi muka karɓa, tunda kiran mutum Injiniya ba ya cin kuɗin kowa. Ni tela ne, shagona yana jikin filinsa, saboda haka duk dabarar da ta faɗo masa a ka, kunnena ne ke fara shan wahalarta.

Wata safiya, ana saura kamar mako uku damina ta sauka, ya leƙo shagona da fensir a bayan kunne.

"Tela, ajiye almakashin nan ka zo ka ga inda arziki yake kwance, mutane suna tsallake shi kullum."

Na fito, sai ya nuna mini kwata.

Layinmu ɗan gangare ne, kuma kwata ɗaya gare mu. Daga can sama take tasowa, ta bi ƙofar kowa, ta wuce gaban filin Injiniya, wanda shi ne na ƙarshe, sannan ta shige ƙarƙashin titi. Titin ya fi layin tudu, don haka ruwa ba shi da wata mafita sai wannan kwatar.

"Taku goma sha biyu a tsawo, taku biyu a faɗi," in ji shi. "Babu mai shi, babu kuɗin haya. In na cike na daɓe, na samu wurin shanya bulo ɗari biyu a kyauta. Akwai wani ɗan kwangila mai gina ajujuwa, ya ce ranar da na nuna masa bulo dubu a shanye wuri ɗaya, aikin nawa ne. Ɗari takwas filina yake ci. Ga ragowar nan a gabanka."

"Ruwan fa?"

"Wane ruwa?" Ya ɗaga kai ya dubi sama, ba ko ɗigon gajimare.

"Wanda zai zo."

"Ruwa ba yaro ba ne, Tela, ya san hanyarsa. Ni na zauna na lissafa komai: siminti, yashi, leburori, man shafa wa inji. Na duba takardata sama da ƙasa, ban ga inda aka ce ruwa ba."

Muna cikin haka Malam ya iso. Tsohon malamin makaranta ne da ya yi ritaya, gidansa na uku daga sama, kullum da 'yar rediyo a hannu. Ya saurari shirin har ƙarshe, ya gyara tabarau.

"Injiniya, lissafinka daidai yake. Sai dai akwai wata asara da ba ka sa ba, saboda ba daga aljihunka za ta fita ba. Wani ne zai biya ta."

"To ai shi ya sa ban sa ba, Malam. Shekara talatin kana koyar da lissafi, ka taɓa ganin an rubuta asarar wani a takardar wani?"

Malam ya ƙara wa rediyonsa murya ya wuce.

Cikin kwana huɗu an gama. An cike kwata da ɓaraguzai, an zuba daɓe mai kauri, sannan Injiniya ya zagaye gaban filin da 'yar katanga hawa biyu. Ya hau kanta ya tsaya, hannu a ƙugu, yana duban layin kamar gado ya ci.

Ruwan farko da hantsi ya sauka. Ya gangaro yadda ya saba shekara da shekaru, ya iso inda ya san akwai hanya, ya tarar da siminti. Ya ɗan tsaya yana waige-waige, sai ya ga ƙofata a buɗe. Kafin in ankara yana ƙarƙashin keken ɗinkina. Na kwashe yadikan mutane na ɗora a ka, na haye teburin yanka, ina kallon takalmana suna iyo, ɗaya na bin ɗaya, har suka fice.

Da aka ɗauke ruwa na tafi wurinsa raina a ɓace.

"Injiniya, ruwanka ya shiga shagona."

"Ruwana? Ka ga sunana a jikinsa? Daga sama ya zo, Tela. In kana da ƙara, ka san inda za ka kai."

"Kai ka toshe hanyarsa."

"Ni filina na gyara. Amma da yake kai maƙwabci ne, ba zan bar ka haka ba." Ya dafa kafaɗata ya juya ni wajen bulon da ke shanye. "Hawa uku zai ishe ka. Zan rage maka wani abu."

Gara in faɗi gaskiya tun yanzu: na saya. Na san sarai in ruwa ya zo ƙofata ya ga an rufe ba komawa sama zai yi ba. Amma duk lokacin da magini yake ɗora bulon nan ban yarda na dubi tsallaken hanya ba, inda Mai Kanti yake zaune yana korar ƙuda daga kan buhun sukarinsa.

Ruwa na biyu ya gaida katangar Injiniya, ya gaida tawa, ya tsallaka ya shiga kanti. Mai Kanti ya jibge katon-katon na garin sabulu a ƙasa, da shigar ruwa da fitarsa kuwa layi ya cika da kumfa har gwiwa. Wata akuya ta shiga baƙa ta fito fara. Matan layi suka fito da bokitai suna ɗiba, don a ganinsu wankin mako guda ne Allah ya kawo har gida.

Mai Kanti bai je wurin Injiniya ba, ni ya nufo, kumfa har gemu.

"Tela, ruwanka ya shiga kantina."

"Ruwana? Ka ga sunana a jikinsa?"

Sai da maganar ta fita na ji muryar wanda nake ara, kunya ta kama ni. Amma kunyar ba ta kai ta sa in rushe katangata ba. Mai Kanti ya dube ni ya jinjina kai, ya tsallaka wurin Injiniya. Kafin la'asar ya ɗora hawa huɗu.

Daga nan Malam ya kira taro a gindin bishiyar tsakiyar layi. Ya yi bayani mai kyau ƙwarai. Ya ce abin da kowa ke kashewa a katanga, in aka haɗa rabinsa, ya isa a fasa daɓen nan a buɗe kwata, kowa ya huta. Duk muka gyaɗa kai. Da aka zo kan wa zai fara sa hannu a aljihu, sai kowa ya gano cewa takalminsa abin kallo ne.

"Ni na riga na gina tawa," in ji Mai Kanti. "Wanda ruwa ke damu ya biya."

"Ni ma haka," na ce a hankali.

Mutanen sama suka ce ruwan bai iso su ba tukuna, in ya iso a sake kiran taro.

Injiniya ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa. "Ni mutum ne mai son zaman lafiya. Duk mai son kwata, ya biya ni kuɗin wurin bulo ɗari biyu na kowane wata, gobe in fasa. In babu, to kasuwa ta yi magana. Kuma ina sanar da jama'a akwai sabon bugu, mai ƙarfi, ba ya jin ruwa."

Aka tashi taro. Ruwa na uku, da yake ƙofofin ƙasa duk a rufe suke, ya taru ya hau sama ya shiga ɗakin Malam, ya jiƙa littattafan da ya tara tun yana saurayi. Washegari na gan shi yana tura baro cike da bulo, rediyo a saman kaya.

"Malam, har da kai?"

"Na yi bayani, Tela. Bayani ba ya tare ruwa."

To, a nan kan Injiniya ya gama fashewa. Layi ya zama kududdufi, kwaɗi suka tare, sauro ya samu gari. Kowa na tafe da takalmi a hannu, wando a naɗe. Shi kuwa ya sayi sabuwar hula, yana zama a kan katangarsa yana karkaɗa ƙafa.

"Kun ga abin da ake kira kai? Bara war haka bulo goma nake sayarwa a mako. Yanzu layi ake yi mini. Na ƙirƙiro kasuwa inda babu ita. Wata mai zuwa zan kawo maganin sauro, in Allah ya yarda har takalman roba zan riƙa ba da haya. Duk inda kuka ga matsala, ni ciniki nake gani."

"Matsalar da ka haifa," in ji Malam.

"To da wa kake so ya haifa mini?"

Mutum ɗaya ce ba ta dariya, matarsa, Maman Biyu. Mace ce mai ƙarancin magana, amma idonta ba ya kuskure. Na ji ta wata rana ta kan katanga.

"Baban Biyu, ka duba layin nan da kyau. Tela uku, Mai Kanti huɗu, Malam huɗu. Mu muna nan a biyu."

"Duk bulon da na ɗora a ƙofata, bulo ne da ban sayar ba."

"In ruwa ya rasa gidan shiga fa?"

"Ke dai ki ji da tukunyarki, ki bar wa injiniyoyi aikinsu."

Sai ga saƙo daga ɗan kwangila: zai zo ranar Laraba ya ga bulo dubu, ya kuma ga simintin da za a fara aikinsa da shi. Injiniya ba shi da simintin. Abin da yake da shi babur ne, ja, wanda yake gogewa safe da yamma, ba ya yarda ko 'ya'yansa su jingina da shi. Ranar Litinin ya tura shi kasuwa, ya dawo a ƙasa, mota na biye da shi ɗauke da siminti buhu arba'in. Duk abin da ya mallaka ke nan a duniya, in ka cire injin da hular.

Motar ta tsaya a titi, baro kuma ba zai haye katanga ba. Injiniya ya ɗauko guduma ya ɓalle bulo shida ya buɗe hanya, aka shige da buhunan aka jera a ƙarƙashin rumfa. Ana gamawa sai ga Inna Mai Gawayi, tsohuwar da ke can saman layi, wadda ruwa ya fara lasar buhunan gawayinta. Ta zo sayen bulo, busasshe kuwa ya ƙare ƙaf, sai ɗanyen da aka shanya wa ɗan kwangila.

"Waɗancan shidan fa?" ta ce, tana nuna na katangar da sandarta.

"Inna, waɗannan na musamman ne. An gwada su, damina ta bi ta kansu ba su motsa ba. Kuɗinsu ninki biyu."

Ta zage shi tas, ta kwance bakin zane ta biya.

Maman Biyu ta leƙo ta ga giɓin. "Ka sayar da ƙofar gidanmu?"

"Ninki biyu. Jibi in mayar da sabo."

Laraba da azahar ɗan kwangila ya iso. Ya bar motarsa a titi, ya sauko cikin farar shadda yana ɗage ƙafa. Injiniya ya sa an share fili, bulo dubu sun yi sahu, ɗanyu shar, ɗari biyu daga ciki a kan marigayiya kwata. Duk muka fito bakin katangunmu kallo.

"Ranka ya daɗe, abin da kake gani aikin ƙwaƙwalwa ne," in ji Injiniya. "Inda kake tsaye ɗin nan, wata biyu da suka wuce ƙazanta ce ke gudu. Kowa ya ga kwata, ni na ga masana'anta."

Ɗan kwangila ya dubi gabas, inda sama ta yi baƙi ƙirin. "Kamar hadari ne wancan."

"Ba namu ba ne, ranka ya daɗe. Na san hadarin unguwar nan ɗaya bayan ɗaya. Wannan wucewa zai yi."

Bai rufe baki ba aka tsuge kamar da bakin ƙwarya. Ɗan kwangila ya ruga ƙarƙashin rumfa ya haye buhunan siminti. Ni ina daga bayan hawa ukuna, na ga ruwan yana gangarowa, ja, da ƙarfinsa. Ya taɓa ƙofar Inna, a rufe. Ta Malam, a rufe. Ya bugi ta Mai Kanti ya dawo, ya bugi tawa ya dawo. Bulon Injiniya, in ba shi haƙƙinsa, ko ɗigo bai bari ya wuce ba. Sai ruwan layi gaba ɗaya ya juya ya nufi ƙofa ɗaya tilo da aka bar masa.

Injiniya ya fara tarewa da shebur. Ya dawo ya tare da katako, katako ya tafi. Ya zauna a giɓin da kansa ya baje hannuwa, ruwa ya bi ta hammatarsa ya wuce. Sahun farko na ɗanyen bulo ya zauna a hankali ya koma yashi, na biyu ya bi shi.

"Tela! Ɓalle taka hawa ɗaya ya ragu!"

"Yadikan mutane ne a ciki, Injiniya."

"Mai Kanti, don girman zumunci."

"Sabon sukari na sauke jiya."

Ruwa ya doshi rumfa. Nan dabara ta faɗo masa, irin tasa. Ya ruga ya ce wa ɗan kwangila ya ɗan matsa, ya sungumi buhun siminti ya kai giɓin ya jefa, ya koma ya ƙaro wani.

"Baban Biyu, me kake yi haka?" in ji matarsa daga bakin ƙofa.

"Lissafi ne. In ba da biyu in tsirar da talatin da takwas."

Ruwa ya haye biyun. Ya ƙara biyar don ya tsirar da talatin da uku. Da giɓin ya toshe, ruwan ya taru ya kai bakin katangar hawa biyu, ya fara zubowa ta ko'ina, sai ya shiga jera buhuna a kan katangar kanta. Yana ɗiba, tudun da ɗan kwangila ke tsaye a kai yana raguwa. Bawan Allah ya sauko daga hawa biyar zuwa uku, daga uku zuwa ɗaya. Can sai Injiniya ya tsaya a gabansa, jiƙe sharkaf, ba hula, yana haki.

"Ranka ya daɗe, a ɗan ɗaga ƙafa."

"Wannan kuma me za ka tsirar da shi?"

Injiniya ya waiga ya dubi rumfar. Babu komai a cikinta sai ɗan kwangila da buhun da yake kai.

Da ruwa ya tsagaita, filin ya zama tafki mai launin toka. Ɗan kwangila ya sauko, ruwa har cinya, ya dubi katangunmu da ke tsaye ƙyam.

"Wa ya buga bulon waɗancan?"

Injiniya ya ɗago, har ƙirjinsa ya ɗan taso. "Ni ne, ranka ya daɗe. Ka ga ko ɗaya bai tsage ba."

"Na gani, aiki ne mai kyau. Wa kuma ya toshe kwatar?"

Inna ce ta ɗaga sandarta daga can sama ta nuna Injiniya.

"Ajujuwan da nake ginawa, yara ɗari uku ne za su zauna a ciki," in ji ɗan kwangila. "Kuma akwai kwata a bayansu." Ya tattare shaddarsa ya haye titi.

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Ya daɗe tsaye cikin ruwan nan yana kallon inda bulo dubu suke ɗazu. Mu ma da ke bayan katangu babu wanda ya yi dariya a lokacin, don kowa ya san da hannunsa a ciki. Sai da muka shiga gida muka yi.

Washegari da sassafe na ji ƙarar diga. Injiniya ne ke fasa daɓensa, Maman Biyu na zaune a kujera tana nuna masa inda ya rage. Ba a kira taro ba, ba a nemi gudummawar kowa ba. Ni da Malam muka ɗauko shebur muka kama masa, Mai Kanti ya aiko da ruwan sha. Kafin yamma kwata ta buɗe, tafkin ya tsiyaye, ya bar mana taɓo mai kama ƙafa daga farkon layi har ƙarshe.

Buhunan kuwa, kwana biyu da fitowar rana suka zama duwatsu, kowanne da siffar matashin kai. Guduma ma tsalle take yi a kansu. Malam ya ce tunda ba su da sauran amfani, a jera su a tsakiyar layi a riƙa takawa. Ga mamakinmu Injiniya ya yarda nan take, idonsa har ƙyalli yake. Muka yini muna mirgina su, arba'in cif, daga bakin titi har ƙofar Inna. Tun da aka kafa layin nan ba a taɓa tafiya a cikinsa da damina ƙafa a bushe ba sai ranar.

Da gari ya waye muka gane dalilin ƙyallin idon. Ya kafa kujera a bakin dutsen farko, ya ajiye gwangwani a gabansa.

"Gadar Injiniya," yake sanarwa. "Kowane tsallakawa da kuɗinsa. Yara rabi."

Mai Kanti ya bi ta kai da katon a kafaɗa. "Allah ya saka da alheri, Injiniya," ya wuce. Malam ya bi, ya ce wannan sadaka ce mai gudana. Masu tallan da ba 'yan layinmu ba ma suka gano hanyar, suna tafe suna sa masa albarka. Har rana ta take, gwangwanin nan babu abin da ya shiga cikinsa sai ƙuda.

Can ga Inna ta taho da sandarta, tana taka duwatsun ɗaya bayan ɗaya, za ta kasuwa. Da ta iso na ƙarshe Injiniya ya miƙe ya tare gabanta.

"Inna, ke ko kunya? Kin san abin da kike takawa kuwa? Babur ɗina ne wannan. Ja, sabon taya, ko shekara biyu bai yi ba."

Inna ta dubi dutsen da ke ƙarƙashinta. Ta gyara tsayuwa a kai, ta riƙe sandarta da hannu biyu, ta ɗan jira.

"To ga shi na hau, ɗan nan, bai motsa ba. In ya kai ni kasuwa sai in biya."

Ta sauka ta raɓa shi, ta haye titi da ƙafarta.